Daga Gidan Ɗan Hausa Zuwa Gadar Lugga

Gidan Ɗan Hausa yana nan a Nassarawa, a tsakiyar unguwar da Turawa suka keɓe wa kansu bayan sun ci Kano a 1903. Gidajen da ke kewaye da shi kusan duk sun sake kama. Wasu sun zama ofisoshi, wasu otal, wasu kuma an rushe su an tayar da benaye masu gilashi a filayen da a da mangwaro da darbejiya suka cika. Shi kuwa yana tsaye da ginin ƙasarsa da zankwayensa. Baƙi kan tsaya a ƙofa su yi ta ɗaukar hoton zanen da ke jikin bango. Ni rufin na je gani, domin a can itacen yake.

Azara ce. Giginya ake sarewa a tsaga ta gida-gida, ga ƙarfi, ga shi gara ba ta samun ta da sauƙi. Magina su jera ta, su shimfiɗa mata zana, su ɗora ƙasa, su daɓe, su shafe da abin da zai hana ruwa shiga, sannan su fitar da indararo nesa da bango. Dattijon da ya zagaya da ni ya ga na daɗe kaina a sama, sai ya ce, "Alhaji, ba ƙarfin itacen ba ne kaɗai fa. A bar rufin nan damina biyu ba a hau an duba ba, ka dawo ka ga aiki." Wannan maganar tasa ita na riƙe har Kaduna.

Mutumin da gidan ya ci sunansa, Hanns Vischer, ba Bature ɗan Ingila ba ne a asali. A birnin Basel na ƙasar Suwizalan aka haife shi a 1876. Ya fara zuwa ƙasar Hausa tare da 'yan mishan, daga baya ya karɓi takardar zama ɗan Birtaniya ya shiga aikin gwamnatin mulkin mallaka. A 1906 ya ratsa Sahara da ayari daga Tarabulus zuwa Borno, a 1909 kuma ya buɗe makarantar Nassarawa, inda aka fara koya wa 'ya'yan sarakuna da malamai karatun boko a ƙarƙashin gwamnatin Arewa. Jin Hausarsa ne ya sa Kanawa suka laƙaba masa Ɗan Hausa. Ana iya yin doguwar muhawara a kan abin da makarantarsa ta kawo da abin da ta ture, amma ba ita ta fito da ni daga gida ba. Abin da ya ja hankalina shi ne ƙasar da ya fito, domin ita ce ƙasar wata gada da na sani tun kafin in san sunanta.

A shagon wani tela a unguwarmu, lokacin muna yara, akwai tsohuwar kalanda da shekararta ta wuce amma ya ƙi cire ta saboda hoton. Gada ce ta katako a kan wani kogi mai ruwa garai-garai, doguwa, a karkace, an yi mata jinka tun daga wannan gaɓa har waccan, ga furanni na reto a gefenta, ga wata hasumiyar dutse tsaye cikin ruwa kusa da ita. Mukan yi musu ko gida ne ko hanya. Sai da na girma na san cewa gadar birnin Luzern ce, wadda ake kira Kapellbrücke, a kan kogin Reuss. Tun ƙarni na 14 aka gina ta. A ƙarni na 17 aka liƙa alluna masu kusurwa uku a ƙarƙashin jinkar, ɗauke da zanen tarihin garin, ta yadda mai wucewa yana tafe yana karanta labarin kakanninsa a saman kansa. Daren 18 ga Agusta 1993 gobara ta cinye mafi yawanta tare da akasarin allunan. Mutanen garin ba su tsaya jimami ba, kafin tsakiyar Afrilun 1994 sun sake ta, an ci gaba da bi. A kan kogin Rhine ma, sama kaɗan da garin su Vischer, akwai wata irinta a Bad Säckingen mai tsawon kusan mita 200, ƙafa ɗaya a Jamus, ɗaya a Suwizalan.

Wanda ya ga hotunan zai zaci don ado aka yi rufin, ko don masu wucewa su fake wa ruwa. Ainihin dalilin shi ne itacen da ke ɗauke da nauyin gadar. Katakon da ke shan ruwa yau ya bushe gobe, ya sake jiƙa jibi, daga mahaɗarsa yake fara ruɓewa, cikin shekara goma zuwa ashirin gadar ta tashi aiki. Idan aka rufa masa asiri da jinka da bango, yana iya haura shekara ɗari. Sauya jinka kuwa ya fi sauya ginshiƙi araha nesa ba kusa ba. Da wannan lissafin Amurkawa suka gina dubbansu a ƙarni na 19, tun daga wadda Timothy Palmer ya yi a Philadelphia a 1805. Yau waɗanda suka rage ba su kai dubu ba. A Hartland ta ƙasar Kanada akwai wadda ta fi kowace tsawo, mita 391, an buɗe ta a 1901 ba rufi, sai bayan shekara ashirin aka yi mata. A kudancin ƙasar Sin kuma mutanen Dong suna da nasu gadojin masu rumfuna da benci, inda tsofaffi ke yini suna hira, kuma da haɗin tsaga suke ɗaure katakon ba da ƙusa ba. Ilimin da ke bayan duk waɗannan shi ne dai wanda maginin Kano ya yi aiki da shi a kan azarar Nassarawa.

To mu ina tamu? Ƙasar Kano ba ta gaji irin wannan gini ba, kuma akwai dalili. Kogunanmu na damina ne. Da rani yashi ne shimfiɗe, jaki ya bi, raƙumi ya bi, fatake su ratsa ta mashigi ko tattare riga ba su yi ba. Da damina kuwa ruwa kan zo da faɗin da babu itacen da zai haɗa gaɓa da gaɓa, sai a koma ga masu fito da kwalekwale ko manyan gora, ko a sauke kaya a jira ruwa ya janye. Shi ya sa fatauci ya zama sana'ar rani. Gwanintar itace da ƙarfe ta tafi ga ƙofofi: Hugh Clapperton, da ya iso Kano a 1824, ya ƙirga ƙofofi 15 a jikin ganuwa, ƙyamarensu na itace ne da aka lulluɓe da ƙarfe, ana buɗewa da fitowar rana a rufe da faɗuwarta. Abin da muke da shi na tsallaka ruwa shi ne kadarko a kan rafi, sai kuma wata 'yar gada guda a Kaduna da hukuma ta sa a cikin kayan tarihi. Su biyun na fita nema.

Mun bar Nassarawa da sassafe, muka hau titin Zariya. Kano ta zamani ta cika da gadoji, na Ƙofar Nassarawa, na Dangi, na Lado, duk na siminti, duk a kan mota ba a kan ruwa ba. A samansu babu mai tsayawa. Amma dubi ƙarƙashinsu: mai shayi ya kafa tebur, mai faci ya baje kaya, 'yan adaidaita sahu sun jera suna jiran fasinja, almajiri ya miƙe yana barci. Mutanenmu inuwa suke nema, kuma duk inda gini ya ba da ita, nan take wurin zai zama dandali. Da za a yi gada mai rufi a garin nan, ba na shakka kafin mako ya zagayo an fara sayar da goro a kanta.

A Tamburawa muka haye kogin Challawa. Na roƙi direba ya rage gudu. Ƙasa can tifofi ne ke lodin yashi, samari rabi tsirara suna watsa shebur. Daga nan sai Kura da filayen Kadawa, kore shar ko da rani, albarkacin ruwan madatsar Tiga da aka gama a 1974: shinkafa, alkama, tumatir cikin kwanduna a bakin titi. Irin waɗannan madatsu sun canja halin kogunan. Inda a da ake ratsawa a ƙafa wata shida, yanzu akwai magudanan da ba sa ƙafewa, kuma kowace magudana tana bukatar abin tsallakawa.

Gaba da Kwanar Dangora muka saki kwalta, muka bi wata hanyar burji zuwa ƙauyen da direban ya ce akwai kadarko. Yana nan kuwa. Kututturan giginya ne guda huɗu aka gicciya a kan rafi, aka jera rassa a kansu, aka bi da kara, aka zuba ƙasa aka daddaɓe. Faɗinsa daidai amalanke. Ina tsaye wani mai babur ya hau da buhu biyu na masara, kadarkon ya ɗan yi ƙara, ya sauke shi lafiya. Wata yarinya ta biyo da tallan awara a ka, ko kallon ƙasa ba ta yi ba.

Wani tsoho na zaune a gindin tsamiya yana tufka igiya. Na durƙusa muka gaisa.

"Baba, wa ya yi muku wannan?"

"Mu muka yi abinmu, ɗana. Gayya ake kira. Kafin ruwa ya sauka mai unguwa ya sa a yi shela, kowa ya fito da gatari da fartanya, mata su dama fura. Zuwa la'asar an gama."

"Yana kai shekara nawa?"

Ya yi murmushi. "Wanda ubanmu ya yi da ƙirya, na yi wayo na same shi, na yi aure yana nan. Na yanzu kuwa, in ya ga damina uku mun gode Allah. Ina ƙiryar take? Masu gawayi sun gama da ita. Giginyar ma sai mun saya."

Na leƙa ƙarƙashi. Inda kututturan suka kwanta a kan ƙasar gaɓa sun yi baƙi, sun yi laushi, ga hanyar gara ta hau jikinsu. Ƙasar da aka zuba a sama tana riƙe ruwa, ta jiƙa itacen daga bisa, damshin gaɓa ya ci shi daga ƙasa. Mutanen da suka san yadda za su kare azarar ɗakinsu shekara da shekaru sun bar itacen da ke kai su kasuwa da asibiti a fili. Ban ga laifinsu ba. Ɗaki na mutum ɗaya ne, shi zai hau ya gyara. Kadarko na kowa ne, kuma kuɗin kwanon rufi ba a gayya ake samunsa ba.

A nan ne sha'awar tsohon abu take bukatar linzami. Daɗi ne mutumin birni ya tsaya a bakin rafi yana yaba kadarko da kwalekwale, ya koma motarsa. Wanda matarsa ke naƙuda a daren da ruwa ya tafi da kadarkon ba abin sha'awa yake gani ba. Mutanen Kano ba su manta da ƙarshen Nuwamban 2021 ba, ranar da jirgin ruwa ya kife a madatsar Watari da ke Bagwai, ɗauke da fasinjojin da yawancinsu ɗaliban Islamiyya ne daga ƙauyen Badau za su wajen Mauludi. Fiye da mutum ashirin suka rasu. Allah ya jiƙansu. Duk wanda zai yi maganar kyan tsofaffin hanyoyin tsallaka ruwa a ƙasar nan, ya fara da sanin cewa akwai garuruwan da har yau ba su da wata hanyar.

Mun isa Zariya da azahar, muka yi salla a Masallacin Juma'a na cikin birni, kusa da fada. Wannan shi ne aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina shi a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wajen shekarun 1830. Azara gajeriya ce, ba ta iya ɗaukar nauyi a kan tazara mai faɗi, don haka sai ya riƙa ɗora ta kan juna, kowace ta ɗan zarce ta ƙasanta, ana ɗaurewa ana lulluɓewa da ƙasa, har bakan gizo ya tashi daga ginshiƙi ya haɗu da ɗan'uwansa a sama. Wanda ya iya wannan, da an ce ya haɗa gaɓa biyu na rafi, da ya haɗa. A shekarun 1970 aka gina sabon masallaci na siminti ya lulluɓe tsohon ɗakin sallar. Masana gini da yawa sun yi baƙin cikin abin da aka rasa na fasalin waje, kuma ina tare da su. Sai dai bakunan gizon suna nan a ciki, ruwa bai taɓa su, mutum na iya zama a ƙarƙashinsu ya ga hannun Babban Gwani.

Daga Zariya zuwa Kaduna tafiyar ba ta da labari.

Gadar Lugga tana cikin lambun Ƙofar Gamji, wanda aka sa wa sunan Janar Hassan Usman Katsina, a gefen kogin Kaduna. Wanda ya zo da tunanin zai ga wani ƙasaitaccen abu zai iya wuce ta bai lura ba. Tsawonta bai wuce taku ashirin ba, faɗinta na mutum biyu su gifta juna. Jikinta ƙarfe ne, abin takawa katako, ba ta da rufi. Amma ta girmi garin da take ciki. A Zungeru aka kafa ta a 1904, lokacin nan ne hedikwatar Arewa, a kan rafin Dago, tana haɗa gidan Gwamna Lugga da sauran barikin. A shekarar ce kuma aka haifi Nnamdi Azikiwe a garin. Da Turawa suka ga Zungeru ba ta yi musu ba, ga zafi ga sauro, kuma layin dogo ya riga ya bi ta Kaduna ya kai Kano tun 1911, sai suka tattara suka koma Kaduna a 1917. Daga baya aka kwance gadar aka biyo su da ita. A 1956 aka ayyana ta cikin kayan tarihi na ƙasa.

Na hau na tsaya a tsakiya. Katakon na amsa sawu, abin da siminti ba ya yi, kuma ana jin ɗan motsinta a tafin ƙafa idan wani ya hau daga can gefen. Ango da amarya sun zo da mai hoto, na matsa musu. Wasu yara 'yan makaranta suka bi ta a guje, suka dawo, suka sake bi.

Na tambayi kaina me nake sha'awa a nan. Ba Lugga ba ne. Daga barikin da gadar nan ta yi wa hidima aka tsara yaƙin da ya ci Kano da Sakkwato, wanda ya ƙare da kisan Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, kuma daga nan aka ba da umarnin ƙone Satiru a 1906. Bahaushen da ya san wannan ba zai tsaya a kanta yana kewar zamanin ba. Abin da nake so a jikinta shi ne girmanta daidai mutum ne. An yi ta ne don mai tafiya a ƙasa, ana ganin kowane ƙusa da kowace mahaɗa, kuma duk abin da ya lalace a jikinta maƙeri da kafinta na gari za su iya gyarawa. Irin abin da mutanen Luzern ke so a tasu ke nan, har suka ƙi yarda gobara ta raba su da ita. Kuma shaida ce. Jikan da aka kawo nan aka ce masa ga abin da Lugga ya taka, zai riƙe tarihin Zungeru fiye da wanda aka karanta masa a aji. Ba zan so a yi mata rufi ba, domin ba haka aka ƙera ta ba. Abin da take bukata fenti ne a kan kari da sauya katakon da ya gaji. Kadarkon ƙauyen can shi ne mai bukatar rufi.

Kafin mu juyo na biya Panteka, inda maƙera da kafintocin Kaduna ke ƙera kusan duk abin da aka kwatanta musu. Na sami wani kafinta mai furfura, na nuna masa hoton gadar Luzern a waya, na ba shi labarin kadarkon. Ya karɓi wayar ya daɗe yana duban yadda aka haɗa katakon jinkar.

"Ranka ya daɗe, wannan ba gagara ba ce," in ji shi. "Amma rufi kaɗai ba zai yi muku ba. Su ruwansu daga sama yake zuwa, namu har da na ƙasa. Sai an fara tambayar tsofaffin garin inda ambaliya ta taɓa kaiwa, a tayar da ƙafafu na dutse da siminti su wuce nan, kada itace ya taɓa ƙasa ko kaɗan saboda gara. Sannan a samo katako mai tauri, a shafe shi da baƙin mai, a ɗora kwano mai fiffike ya zarce gefe da gefe. A bar iska tana ratsawa, kada a toshe."

Na ce, "Zai kai shekara nawa?"

"Ya danganta da wanda aka damƙa wa. In akwai mutum ɗaya a garin da aka ce kai ne mai gadar nan, duk shekara kafin ruwan fari ka hau ka duba ƙusa, ka sake mai, to jikokinka za su bi ta."

Ya ɗauko fensir daga bayan kunne, ya jawo wani guntun falanki, ya tambaye ni faɗin rafin, ya fara lissafin bandir nawa na kwano za a saya.